Duwatsun Yaya Hajo

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da munka binne yayata Hajo a ƙauyenmu da ke ƙasar Garhanga. Na tsufa, ido ya yi rauni, amma duk sa'ad da na ga ruwa ya yi kore sai muryarta ta faɗo mini a kunne. Wallahi har yau kunyarta nake ji.

Lokacin yaƙin Turawa ne, sa'ad da kumandan, Baturen mulki, ke aikowa a ɗebi samari soja. Ina sabon magidanci, da ɗiya guda, Zali, ba a daɗe da yaye ta ba. Gonata tana kan gangare, bisa tabkin da gari duka ke sha har tsakiyar rani. Al'adarmu, in an gama girbi sai ka ba Buzaye hatsi su kwantar da shanunsu a gonarka don taki. Ni kuwa da haɗama, garke uku na ajiye, wata biyu cur. Ina yawo ina cika baki wai geron da zan yi sai an zo kallo daga Madawa.

Ruwan fari ya sauka da ƙarfi, ya share kashin shanun nan kaf. Ya bi da shi ta kwazazzabon da mutane ke zagawa bayan gida, ya haɗa duka ya juye a tabki. Ba a jima ba gansakuka ta rufe ruwan, wari ya tashi, kifi ya taso matacce. Sai zawo ya shiga yara. Biyu munka rasa a unguwarmu, Zali ma ta kwanta, idanu sun faɗa.

Dattawa sunka ce iskokin tabki ne sunka yi fushi, a nemo baƙin bunsuru. Ni ma na yarda, don ya fi mini sauƙi. Da hantsi Hajo ta zo ta kama hannuna a gaban mutane. Ta ja ni tun daga bakin tabki, muna bin sawun kashin shanu har tsakiyar gonata.

"To, Mamman, ga iskokinku nan," in ji ta. "Kai ka yi musu masauki. Bunsuru mi ya yi maku?"

Na hasala, na ce mace ba ta koya mini noma. Ta juya ta nufi gidana. Ta ɗauke Zali ta kai ɗakinta, ta hana a ba ta ruwan tabki ko ɗigo. Kullum sai ta taka har rijiyar wani ƙauye ta ɗebo mata. In ta sauke tulu kuma ta aza gammo, ta riƙa kwaso duwatsu tana jerawa a gindin gonata, yadda muke tare ƙasa a kan tudu. Kwana uku ina kallonta ita kaɗai. Rana ta huɗu mata sunka bi ta, kowacce ta wuce ta gabana sai ta ce, "Sannu da hutawa, mai gona!" Kai! Ban san lokacin da na sunkuya na ɗauki dutse ba.

Layi uku munka jera, munka bar ciyawa ta tsiro a bayansu. Maigari ya hana zagawa a kwazazzabon, anka mai da makwancin shanu bayan tudu. Zali ta tashi. Tabkin dai bai washe ba sai da damina ta zagayo, takina kuma ya koyi zama a gonata.

Yanzu in na je Madawa ganin lokotoro, wato likita, ina ganin ruwan shadda na bin kwata zuwa kwari, masu albasa kuma na watsa takin zamani dab da bakin ruwa. Sai in ce, da Hajo na nan, mi za ta yi? Na san ba za ta zauna tana zagin zamani ba, ba halinta ba ne. Hannun wani za ta kama, ta bi sawun ruwan da shi har ƙofar gidansa.

Duwatsunta suna nan, yara na zama a kansu ba su san wa ya ɗauko su ba. Ba su kaɗai ta bari ba. Bara ɗan maƙwabcinmu ya soma haƙa shadda dab da rijiyar gari. Ina zaune ina juya yadda zan yi masa magana, sai ga Zali, da furfurarta da jikokinta bakwai, ta riƙe shi a wuyan hannu tana ja zuwa bakin rijiya. Hawaye sunka zubo mini, ban ɓoye ba. Allah ya jiƙan ki, Yaya. Kafin la'asar an cike ramin.