Anti Wacce-Ƙafa Ta Ajiye Biro

Ƙarfe bakwai na safe ta buɗe ɗakin fayil, ta kaɗe tebur, ta jawo littafin lambobinta mai yagaggen bango. Shekara talatin da biyu ke nan! Aikinta shi ne duk ciwon da likita ya rubuta ta sa masa lamba, lambar kuma ita ke nuna sashen da za a tura mara lafiya. Likitoci ne suka raɗa mata Anti Wacce-Ƙafa, don tambayarta ta ishe su. In suka hango ta rungume da fayil, har manyansu canza hanya suke yi.

Masu shara da masu gadi har yau suna ba da labarin wani tela. An rubuta masa "kumburi da ƙullutu a ƙafa", shi ke nan. Ta tare matashin likitan da ya rubuta a baranda.

"Ɗana, wacce ƙafa?"

"Hagu, ina jin."

"Ina jin ba shi da lamba a littafina. Hagu daban, dama daban, duka biyu daban."

Ba neman rigima take yi ba. Da lambar ƙafa ɗaya, ɗaure masa za a yi a sallame shi. In duka biyu ne, a asibitinmu dole a duba zuciya da ƙoda. Ga shi telan har ya kai bakin titi, matarsa na tsaida mota. Wallahi sai ga Anti a guje, takalmi a hannu, mayafi na jan ƙasa!

"Malam, ɗaga wandon nan!"

"Ikon Allah! Baba, a bakin titi?" in ji matar, tana kallon Anti.

Ya ɗaga, kansa a ƙasa. Ta dama ma ta yi suntum. Ashe ɓoye ta ya yi, don da ita yake taka keke, yana tsoron a hana shi ɗinki. Anti ta tasa su gaba har ofis. Ba ta taɓa rubutun likita ba, shi ya sake dubawa ya gyara da hannunsa, sannan ta sa lambarta. Da aka auna, ƙodar ce ta fara gazawa, amma an kama ta da wuri.

Ke ce mai ido a bayan takarda, Anti. Ba ki taɓa riƙe allura ba, amma ranar da kika ajiye aiki telan nan da ƙafarsa ya tako, matarsa ta rungume ki tana kuka, mu ma duk muka kasa riƙe namu.

Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ku kuma da kuka gaji kujerarta, in takarda ba ta faɗa ba, ku tashi ku tambaya. Mijin wata ne a cikin fayil ɗin nan.