Itacen da Na Kai wa Autanmu

Ban je kwas ɗin nan don ina so ba. A aikinmu na injiniya, in ba ka koma aji lokaci-lokaci ka ƙaro ilimi ba, ba za a sabunta maka lasisi ba, shi ya sa na tattara na tafi Kano ina ƙunƙuni. Ni aikina kwalbati ne da ƙananan gadoji tsakanin Kiru da Bebeji, wani lokaci har Tudun Wada. Darasin gada na saurara. Na harsashin gini ma na ƙaru da shi, don mu nan ruwan damina ba ta sama yake kayar da gada ba, ƙarƙashinta yake rarakewa. Amma da aka ce ranar ƙarshe darasin haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa za a yi, tsakin da na ja sai da na kusa da ni ya waiwayo. Mu da muke fama da taɓon hanyar Yako, ina mu ina jirgin da ke ratsa cikin dutse?

Mai koyarwar wani dattijo ne siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Ga sanyin ɗaki, ga shinkafar rana ta zauna min, na fara gyangyaɗi. Can sai na ji yana cewa duk ƙasar da aka rarake tana da iyakar lokacin da za ta tsaya ba tare da an tokare ta ba, kuma ruwa yana rage wannan lokaci. Ya ce abin da ke yaudarar mai haƙa shi ne ramin ya tsaya jiya, ya tsaya yau, sai ya ɗauka ƙasa alkawari ta yi masa. Ya ce mahaƙan zamanin da suna son tokarin itace ne saboda itace yana kuka kafin ya karye, mutum ya ji ya fita da ƙafarsa, ita kuwa ƙasa ba ta sallama.

Nan take barcin ya gudu. Autanmu na tuna.

Autanmu ba yaro ba ne, magidanci ne da mata da 'ya'ya, ko da yake har yau in Inna ta ce "yaron nan" shi take nufi. Da an kai amfanin gona gida sai ya hau babur ya nufi duwatsun Doguwa wajen haƙar kuza, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. A gida abin da ake cewa kawai shi ne "ya tafi dutse", kamar wanda ya leƙa kasuwar Ƙafin Maiyaki zai dawo da yamma.

Ana tashi daga kwas na kama hanya. Zuwa da kai ya fi saƙo. Na same shi fari fat da ƙasa, fitila ɗaure a goshi, yana murnar ganina. Na ce ya kai ni ciki. Ya dubi tumbina ya yi dariya, amma ya kai ni. Bakin ramin kamar rijiya yake, a sauka da igiya, sannan a karya gefe a bi da rarrafe. Can ciki inda shi da abokan haƙarsa suka tarar da jijiyar kuzar sun faɗaɗa wurin har mutum yana iya zama ya miƙe ƙafa. Na haska sama. Ga danshi, ga tsaga, ga yashi yana tsiyaya a hankali a kan wuyana. Duk abin da dattijon nan ya nuna mana a majigi ga shi a kaina, ko sandar tokari ɗaya babu.

Da muka fito na fara faɗa tun ban gama numfashi ba. Ya kama hannuna ya ja ni bayan wani dutse.

"Yaya, don Allah rage murya."

"In rage murya? Kabari kuka haƙa wa kanku. Gobe zan kawo itace a tokare shi."

"Itace?" Ya zaro ido. "Ai Yaya nan ba a tokare ramin banza. Duk wanda aka ga ya shigo da itace, an san ya samu ke nan. Itace a bakin rami shela ce. Kafin ka ce me, wannan ya sara rami a gabas da kai, wancan a yamma, su biyo ta gefe su kwashe abin da ka sha wahala a kai."

Na ce to shela da gawa wace ta fi? Ya ce kwana in ya ƙare ko a kan gado mutum yake sai ya tafi. Na ce gaskiya ne, amma ban taɓa ganinsa ya sauka ramin ba igiya don kwanansa bai ƙare ba. Ya yi dariya ya ce ni dai boko ya sa min tsoro. Wallahi da ba don gemunsa ba da na mare shi, kamar yadda nake yi muna yara in ya hau rimin bayan gida.

Ban daddara ba. Na sayi itacen turare masu kauri, na sa aka yanka su daidai tsayin ramin, aka sassaƙa bakin kowane yadda na kwance zai zauna a kan na tsaye kamar ƙofar ɗaki. Na ɗauki hayar akori-kura har gindin dutsen. Na durƙusa a rana na haɗa guda ɗaya a gabansu don su ga yadda ake yi. Autanmu yana ta gyaɗa kai yana cewa "To Yaya, in sha Allahu." Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san "to" iri-iri ce, kuma na ji irin wadda aka ba ni, amma na yi wa kaina ƙarya na tafi.

Na biya ta gida. Inna tana tsince wake, ba ta ɗago ba ta ce, "Ka yi wa yaron nan magana?" Na ce na yi. Ashe ita ma abin yana cinta, ba ta dai faɗa ne.

Ruwan farko ya sauka, mutane suka fita shuka, autanmu bai dawo ba. Jijiyar ta riƙe shi, ya aiko a shuka masa. Ni kuwa maganar dattijon nan ce ke yawo a kaina, cewa ruwa yana rage lokaci. Na sake hawa dutsen.

Tun daga nesa na hango rumfa sabuwa, an rufa ta da zana da leda. Da na matso sai na ga sassaƙata a jikin kowace ƙafa. Itacena ne. Sun haɗa shi daidai yadda na koya musu, ba kuskure ko ɗaya, sai dai a sarari. Har mai shayi ya kafa tebur a ciki. Mahaƙan suka taso da fara'a suna cewa, "Injiniya, Allah ya saka da alheri, mun samu inuwa." Wani har da miƙo min kofi.

Ban san duk abin da na faɗa a ranar ba. Na san dai na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, na ce kada wanda ya kira ni in abin ya faru, na juya ban sha shayin ba. Haushi ne da tsoro suka haɗu min, kuma tsoron ya fi yawa. Na daina kiransa a waya, shi ma ya yi zuciya ya daina kirana.

Wata rana da la'asar ina duba wani kwalbati kusa da Ba'awa, yayyafi yana sauka, sai ga lambarsa. Na ɗauka.

"Yaya, rami ya rufta."

Na zauna a kan kankaren. Sai da na ɗan jima hankalina ya gaya min cewa mai maganar ai shi ne, muryarsa ce. Na tambaye shi wa ke ciki. Ya ce ba kowa. Da can in ruwa ya tsuge a cikin ramin suke fakewa, tunda a sama babu ko bishiya. Yanzu kuwa da akwai rumfa, da hadari ya taso duk suka fito shan shayi. Suna zaune suka ji ƙasa ta yi wani gum, da suka je bakin ramin ya shafe.

"Ka ga Yaya," in ji shi, har da 'yar dariya, "itacenka ya yi rana."

Na yi kuka a wurin, ma'aikata suna kallona. Da kukan ya tsaya na zage shi tas, ya saurare ni har na gama, abin da bai taɓa yi ba.

Ya dawo ya yi nomansa. Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da kaka ta wuce ya ɗaure diga a bayan babur ya koma, ya sara sabon rami. Kwanan baya ya kira ni ya ce in aiko masa da itace.

"Na rami ko na rumfa?"

"Kai dai aiko, Yaya."

Na aika. Na sa an yanka su daidai tsayin rami, an sassaƙa bakin kowane. Ban san inda za su tsaya ba, a ƙasa ko a sarari. Da na je gaida Inna ta ce, "Ka yi wa yaron nan magana?" Na ce na yi, Inna, har na gaji. Ta ajiye faifan da ke hannunta ta dube ni.

"To ka ƙara."