Ƙwallon da Ilu Ya Ɗaga

Ilu tela, mai rumfa a bakin kasuwar Maigatari, mutum ne da bai san hassada ba. Shi da kansa ya sha faɗin haka, galibi idan an ambaci Sajo.

Tare suka yi makaranta a Gumel, inda wani malami ya ɗaura raga tsakanin bishiyoyin maina biyu ya koya musu ƙwallon raga. Ilu gajere ne mai laushin yatsu, shi ke ɗaga ƙwallo. Sajo, ɗan Fulanin Sule Tankarkar, dogo kamar sandar kiwon ubansa, shi ke tsalle ya buga. 'Yan kallo kuwa, da yake ba su san wasa ba, mai bugu suke yi wa tafi.

A shekarar 1972 wani koci ya zo daga Kano neman 'yan wasa. Ilu ya yi tunani mai zurfi: idan Sajo ya yi ta kuskure, dole idon baƙo ya sauka kan wani. Sai ya dinga ɗaga masa ƙwallo a karkace, wata nesa da raga, wata can bayan ƙeya. Sajo, da bai san ana yaƙi da shi ba, ya bi kowace ya nana ta da ƙasa. Kocin ya ce wanda ya iya buga irin waɗannan babu abin da zai gagare shi. Ilu kuwa, kocin ya tambaye shi ko yana da wata sana'a. Aka yi sa'a yana da ita.

Daga Kano Sajo ya wuce Legas, ya sa rigar ƙasa. Aka fara jin sunansa a rediyo, yau Yamai, gobe Dakar, har wata ƙungiya a Alƙahira ta ɗauke shi.

"Ƙasar waje?" in ji Ilu, ƙafarsa na kan keken ɗinki. "Ni duk mako sai na tsallaka iyaka sayo maɓalli, ban ji an faɗa a rediyo ba."

Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: mutum ɗaya ya yarda cewa shi ya fi iyawa. Sai dai Ilu Bamange ne, dangin Barebari, kuma tsakaninsu da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk baƙar maganar da ya yaɓa wa Sajo, sai masu zaman rumfa su yi dariya su ce Allah ya bar zumunci.

Da damina ta 1977 Sajo ya zo hutu. Ya sunkuya ya shigo rumfar da shadda a hammata, jama'a na biye da shi.

"Bawana, ana nan ana ta huɗa tsumma? Riga nake so, za a yi mini taro a Gumel."

Ilu ya ajiye almakashi. "Sajo, yau ba wasa nake ba. Tsawo kawai gare ka, raƙumi ma yana da shi. Na fi ka iya ƙwallo, kuma ban taɓa yi maka murna ba."

Rumfa ta kaure da dariya. Wani dattijo, Malam Ɗantsoho, har da share hawaye.

"Ka ji Babarbare," in ji Sajo. "Ai ko a Alƙahira na ba su labarinka. Na ce duk wanda ya buga ƙwallon Ilu ya gama makaranta. Auna ni, in hannunka zai kai."

Sai da Ilu ya hau benci ya auna. Da ya zo yanka, ya rage hannun rigar da taƙi guda, don Gumel ta ga gwarzonta kamar ya ari rigar ƙaninsa.

Sajo ya sa ta ranar taro, tsintsiyar hannunsa a waje, agogon Masar na walƙiya. Kafin sallah, samarin Gumel da na Gagarawa sun cika rumfar Ilu, kowa na son mai gajeren hannu. Har ya ƙaro keke na biyu. Sunan da suka sa wa yayin shi ne ɗinkin Sajo.