Waƙar Fito da Mutum daga Rijiya

Ni sana'ata waƙar igiya ce. Ban taɓa rataya kalangu ba, ban taɓa tsayawa ƙofar gidan wani ina roƙo ba. A Damargu ruwa yana da nisa ƙwarai. In ana haƙa rijiya sai an tara maza su ɗora igiya a kafaɗa, su yi ta tafiya da ita kamar shanu, su jawo ƙasa, su jawo mahaƙi. Ni nake ba su waƙa suna amsawa, kowane amshi taku ɗaya. Mahaƙin da nake yi wa waƙa kuwa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na koyar da mutane da dama, kuma da duka na koyar. Guntun igiya ne a hannuna, wanda ya karya kari ya sha a baya. Abin da nake fara gaya musu shi ne waƙar nan iri uku ce. Akwai ta saukarwa, doguwa mai sanyi. Akwai ta jan ƙasa, wannan a cikinta ka yi son ranka, ka yi zambo, ka zagi mai rowa, ka tsokani gwauro, don in guga ya kuɓuce ƙasa ce kawai ta zube, mahaƙi yana raɓe a gefe. Sai ta uku, ta fito da mutum. Ita gajeriya ce, baiti bai wuce numfashi ɗaya ba, kalma mai nauyi ta faɗa daidai inda ƙafa ke sauka, ƙarshenta ya buɗe baki don ƙirji ya saki iska. Ba dariya a cikinta, don mai dariya hannunsa saki yake yi. Ba a ambaton mutuwa, ba a sauri, kuma ko sama za ta faɗo ba a yanke ta sai mutum ya taka doron ƙasa.

Cikin masu koyo babu wanda ya ci ni da haushi kamar ƙanen matata. Magidanci ne har da 'ya'ya, ga murya kamar me, amma ɗan banzan son ado. Ka ba shi baiti mai gaɓa shida, ya mayar maka da tara, ya ja wutsiyarsa yana lanƙwasawa don matan da suka kawo fura su ji. In na zabga masa igiya sai ya yi dariya, ya ce ai kishin muryarsa nake yi, tawa ta zama ta tsohon jaki. Na taɓa fasa masa leɓe da bayan hannu saboda ya sa zambo a waƙar mutum, alhali dutse ne kawai muka ɗaura muna gwaji. Matata ta yi kwanaki tana ajiye mini tuwo ba magana. Na ce ta yi ta fushi, ni dai ba zan ba shi ƙanena ya rera shi lahira ba.

Shekaru kaɗan bayan yaƙin da Turawa suka yi a can ƙasarsu, aikin dole ya yi tsanani. Kumandan da ke Tanut ya ce a haƙa rijiya a kan hanyar Belbeji, aka kwaso mu daga ƙauyuka, aka ba mu wani gardi, wato ɗan sandan Turawa mai jar hula, ya tsare mu. Baƙo ne daga nesa, Hausarsa ba ta wuce ta zagi ba. Bindiga a kafaɗa, bulalar fata a hannu, kuma shi ma tsoron na sama da shi yake ji. Waƙarmu a wurinsa lalaci ne. Ya fasa wa wani dattijo kai saboda ya tsaya shan ruwa, ya tattake wani da takalmi har ya yi aman jini. Mun tsane shi, wallahi, har abincin da ya taɓa ba ma son gani.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, rijiya ta yi zurfin da in ka leƙa ba ka ganin mutum sai motsi. Ana cikin jan ƙasa na ji ƙanena ya yi kira daga ƙasa, kiran da ban taɓa jin ya yi ba. Ya kai ga rairayi mai gudu, bango ya fara zubowa. Na ce ya ɗaura igiya a ƙugu, na juya ga masu ja na ɗauko waƙar mutum.

"Ɗan uwa na kan igiya."

Suka amsa: "Ya taho."

Gardi ya ga tafiya ta rage sauri, ya ji kuma an ce mahaƙi ne ake fitowa da shi rana ba ta yi tsaka ba. Ya zo kaina yana ihu, wai a mayar da shi ƙasa. Ni kuwa ba halin amsawa, don in na tsaya yi masa bayani ƙafafu za su rikice, igiya ta fizga, ta maka ƙanena da bango, sauran rairayin ya rufto masa. Na ci gaba da waƙa ina kallon idonsa. Ya ɗauka raini ne. Sai ya juya bindiga ya sauke mini gindinta a baki.

Na faɗi. Bakina ya cika da jini da gutsattsarin haƙora, na buɗe shi don in ci gaba, babu abin da ya fito sai gurnani. Ina kallon masu ja sun ɗaga ƙafa suna jiran baiti, kuma na san in ta sauka babu waƙa, ƙanena ya tafi.

Kafin ƙafar ta sauka baiti ya shigo daga bayana, daidai wurinsa. Ƙanen matata ne.

Gardi ya koma kansa da bulala. Ya zabga masa a wuya, ya zabga a baya, rigarsa ta yage, fata ta tsage. Bai kare da hannu ba, bai matsa ba. Ya kafa ido a kan ƙafafun masu ja yana ba su baiti ɗaya-ɗaya, gajere, ba lanƙwasa, ba wutsiya. In bulala ta sauka sai ya haɗiye ihun ya fito da kalma a madadinsa. Da gardi ya ga haka ya fara dukan masu ja don su saki, su kuma suka sunkuyar da kai suka riƙe amshi. Ya dawo kan ƙanen matata ya yi masa ɗaya a fuska, bakin bulalar ya shiga idon hagu. Na ga abin da ya gangaro masa a kunci, ba jini kaɗai ba ne. Muryarsa ta girgiza, amma karin bai goce ba.

Ina kwance a bakin rijiya na ga kan ƙanena ya ɓullo, fari fat da rairayi. Na cafki hammatarsa na mirgino shi waje. Ba mu gama numfashi ba muka ji ƙasa ta yi wani rugugi, ƙura ta taso daga ramin. Gardi ya leƙa, ya ja da baya, ya koma gindin itace ya zauna. Ko kallonmu bai sake yi ba ranar.

Ƙanena ya daɗe yana tari kafin ya iya magana. Ya ce da ya ji muryata ta yanke ya fara kalmar shahada, sai ya ji igiya ba ta ko fizga ba, tana ta hawa yadda take. Ya tambaya wa ya karɓi waƙar. Na nuna masa da hannu, don baki ba ya aiki.

Ƙanen matata yana zaune a ƙasa, an ɗaure masa fuska da yagin riga. Na rarrafa wurinsa na riƙe kansa ina kuka, jinina yana ɗiga a kafaɗarsa. Ya laluba ya kama hannuna.

"Yaya, ya fito?"

Na gyaɗa kai, na manta ba ya iya buɗe ko idon mai lafiyar. Sai ƙanena ya matso ya durƙusa gabansa, ya ɗauki tafin hannun ƙanen matata ya ɗora a kan nasa ƙirjin.