Sun Ce Gwaji Ake Yi Da Ni, Na Shanye Ƙwayar A Gabansu

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. Ni malamar firamare ce a Gella, kusa da Mubi. Gude ne harshen da na sha a nono, Hausa a kasuwa da makaranta na tsince ta, don haka inda na karkace a gyara min. Lokacin da wannan abu ya same ni ina da 'ya'ya biyu, ga cikin na uku. Mace ce ni mai ƙarfin jiki, ina tashi daga aji in wuce gonar gyaɗarmu ta Mugulbu, in dawo da kaya a ka ba tare da na tsaya hutu ba. Kuma ban iya musu da manya ba, ko kaɗan. Uwar mijina, wadda muke kira Dada, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya zaci labarin muguwar suruka zan ba shi. Duk waɗanda na yi faɗa da su masu ƙaunata ne, shi ya sa faɗan ya yi ciwo.

Haihuwar ta zo da sauƙi, na samu 'ya mace. Bayan suna ne ƙafafuna suka fara kumbura, har takalmi ya daina shiga. Sai tari, sai numfashi ya riƙa yanke min ko da daga ɗaki zuwa madafa na taka. Idan na kwanta sai in ji kamar an ɗora min turmi a ƙirji, dole na koma barci a zaune, jingine da bango. Dada ta ce sanyin jego ne ya shige ni, aka ƙara wa tukunyar wanka itace, safe da yamma ana watsa min tafasasshen ruwa da ganye, ana dama min kunun kanwa mai kauri. Ƙanin mijina yana da shagon sayar da magani a Mubi, shi ne likitan danginmu gaba ɗaya. Ya zo ya dube ni ya ce zazzaɓi ne da taifot, ya bar min ƙwayoyi. Na sha duk abin da aka ba ni, kumburin kuwa ya haura har ciki. Wata safiya ana cikin yi min wankan sai na ga duhu, na faɗi a banɗaki. Ranar ce mijina ya ɗauko mota muka tafi asibiti a Mubi.

Wata likita muka tarar, mace, ba ta girme ni ba. Ta saurari ƙirjina, ta danna ƙafata da yatsa wurin ya lotsa, sai ta ciro wani ɗan abu daga aljihu, bai fi tocila girma ba, ta jona shi da wayarta. Ta shafa min wani mai mai sanyi a ƙirji ta ɗora abin, ta juyo min fuskar wayar. "Malama, wannan zuciyarki ce," in ji ta. "Kamata ya yi ta riƙa matsewa kamar hannun mai tatsar nono. Dube ta, da ƙyar take motsi." Na duba, na gani da idona. Ta ce akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata gab da haihuwa ko bayanta, yana da yawa a arewacin ƙasar nan, kuma har yanzu masu bincike ba su gama gano musabbabinsa ba. Ta ce a da sai mun je Yola ko Maiduguri kafin a ɗauki wannan hoton, yanzu ga na'urar ta shiga aljihu. Aka kwantar da ni, aka ba ni maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari da wasu na ƙarfafa zuciya. Ta gargaɗe ni in bar kanwa, in rage gishiri sosai, domin suna tara ruwa a jiki su ƙara wa zuciyar nauyi.

Da na dawo gida Dada ta kawo min kunun kanwa da hannunta, na ce ba zan sha ba. Wannan ne karo na farko da na ce mata a'a tun da aka kawo ni gidan. Ta ce da wannan kunun ta yi jegon 'ya'yanta duka, ga su nan a raye. Ta ɗauke kwanon, na ga yadda abin ya sosa mata rai. Duk da haka mun zauna lafiya, saboda kumburin ya saɓe, kowa ya gani.

Babbar rigimar ta zo ne bayan na yaye yarinyar. Likita ta sake duba zuciyar ta ce ta ɗan farfaɗo amma ba ta kai yadda take so ba, tunda kuma na daina shayarwa za ta ƙara min wata ƙwaya. Na kawo ta gida. Ƙanin mijina ya zo gaisuwa, ya ɗauki kwalin ya karanta, sai fuskarsa ta canja. Ya ce wannan maganin ciwon suga ne, shi da kansa yana sayar da irinsa, ni kuwa ba ni da suga. Ko dai likitar ba ta san aikinta ba, ko kuma gwaji suke yi da ni, irin wanda ake yi da talakawa ba da saninsu ba. Kafin la'asar maganar ta zaga dangi. Dada ta kwashe ƙwayoyin, har da na da, ta kulle a ɗakinta, ta ce ba za ta zuba ido a kashe mata uwar jikoki ba. Mijina ya ce in haƙura tukuna a yi shawara.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na tsorata, don ƙanin mijin nawa bai yi ƙarya ba game da abin da ke rubuce a kwalin. Amma da na ga ana ta shawara a kaina, ana aika wa kawun mijina, ana tambayar maƙwabta, babu wanda ya ce a je a tambayi wadda ta rubuta maganin, kuma babu wanda ya tambaye ni, sai raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Washegari na yafa mayafi na ce wa mijina Mubi zan tafi, ya raka ni ko ya ba ni hanya. Bai raka ni ba, bai kuma hana ni ba. Na shiga bas ni kaɗai.

Ina shiga ofishin likita ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce, "Likita, gaya min gaskiya tsakaninki da Allah, gwaji kike yi da ni?" Ta ajiye abin rubutunta ta ja kujera kusa da ni. Ta ce gaskiya ne, don masu suga aka fara yin maganin. Amma a 'yan shekarun nan masu bincike sun lura cewa masu shan sa ba sa yawan kwanciya asibiti saboda raunin zuciya, aka gwada shi a kan masu ciwon zuciya da ba su da suga, aka ga yana taimaka musu su ma, yanzu likitocin zuciya a ko'ina suna ba da shi. Ta ce da bincike ne ake yi da ni, dole sai an yi min bayani na amince. Ta kuma amsa cewa ya kamata ta faɗa min wannan tun ranar farko. Ba ta yi min alkawarin warkewa ba. Ta faɗa min matsalolin da maganin kan kawo da alamomin da in na gani in dawo, ta ce zaɓi nawa ne. Na ce ta sake rubuta min, na sayi maganin kafin in koma gida.

Na dawo na tarar da su a tsakar gida, Dada da mijina da ƙaninsa da kawunsu. Na durƙusa na gaishe su yadda aka saba, sannan na maimaita musu bayanin likita. Ƙanin mijina ya ce daɗin baki ne, in wani abu ya faru kada a ce bai faɗa ba. Na ce masa lokacin da na faɗi a banɗaki maganinsa nake sha, kuma ban taɓa tuhumarsa ba. Sai na juya wajen Dada. "Dada, ki yafe min. Duk abin da kika ce in yi a gidan nan na yi, kuma zan ci gaba da yi. Amma wannan zuciyar a ƙirjina take, ni ce nake jin ta idan ta gaji." Na ɓare ƙwayar, na ɗebi ruwa a randa, na shanye a gabansu. Dada ta yi kuka. Ta daɗe ba ta ci abincin da na girka ba.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, mijina ya riga ni shiryawa. Ya tsaya ya kalli zuciyata a fuskar wayar nan, ya yi wa likita tambayoyi har na ji kunya. Yau zuciyar ba ta koma kamar da ba, ba na ɗaukar buhu, kuma ƙila in sha magani har ƙarshen rayuwata. Amma na koma aji, ina barci a kwance. Dada ta dawo cin tuwona, ko da yake har gobe cewa take addu'a ce kaɗai ta tashe ni, ni kuma ba na musa mata, don na san ta yi min ita. Ƙanin mijina gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Nadamata ɗaya ce, makonnin da na yi ina kumbura ina shiru don kada a ce na raina manya. 'Yan'uwana mata, ban ce kowa ta je ta sayi wannan ƙwaya a shago ba, likita ne zai duba ya ga ko ta dace da ke. Abin da nake cewa shi ne, idan kin haihu kika ga ƙafa na kumbura, numfashi na yankewa, kwanciya ta gagara, ki nemi a duba zuciyarki, kada ki bari a ƙara wa tukunya itace. In an ba ki magani ki tambaya, in ba ki gane ba ki sake tambaya. A dangin mijina yanzu sunana mai taurin kai, kuma ina amsawa. Da na ci gaba da zama mai ladabin nan da suke yabo, da yanzu yabon nawa suke yi wa 'ya'yana, ni ba na nan.