Sikanata da 'Yan Kunnen Kaka

Na yi ayyuka iri-iri a Mubi, wasu ko tuna su ba na so, amma akwai wata safiya a bakin tasha da ko tsufa ya rikita ni ba za ta fita daga kaina ba.

Lokacin ba mu daɗe da dawowa daga gudu ba. Gari ya fara cika, amma kowa a tsorace yake, ko taya ce ta fashe sai ka ga kasuwa ta watse. Shagona na gyaran rediyo ya ƙone, sai aka ba ni tsaron ƙofar tasha, aka damƙa mini baƙar sandar nan da ake shafa wa mutum a jiki, in ta ji ƙarfe ta yi kuka. Sikana muke ce mata. Ina ji da ita ba kaɗan ba, har gida nake tafiya da ita.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, 'yar Barno, kowa Kaka yake ce mata. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari ta gudu da 'yarta ta hanyar Gella. 'Yar ba ta kai Kamaru ba, ciwo ya kama ta a hanya ta rasu. Kafin su fita, Kaka ta ƙulle 'yan kunnen zinarin yarinyar a baƙar leda, ta tona ƙasa da ludayi a gindin lallen tsakar gida ta binne. Da ta dawo ta tarar da gidan ya zama toka, ko hoton 'yar bai tsira ba. Lallen ma ya ƙone, sai toho da ya fito nan da can, ta rasa ainihin gurbin. Ga ɗanta ya zo daga Maiduguri, ya sayar da filin, washegari zai tafi da ita.

Da la'asar ta same ni a ƙofar gida ta ce, "Ɗana, wannan sandan naka, yana jin zinari?"

Na ce, "Kaka, ko allura kika haɗiya sai ta tona miki asiri."

Cika baki ne kawai, ban taɓa gwada ta a ƙasa ba. Muka shiga kangon, na durƙusa ina shafa. Wayyo, ƙusoshi! Duk inda na kai ta sai ta yi kuka, mu tona mu ga ƙusa ko guntun kwano. Sai da muka tsince tarkacen, sannan a kusa da wani toho ta yi wani kuka mai tsawo, na ɗaga ta yi shiru, na mayar ta sake. Kaka ta dafa ƙirji. Ɗan nata, mutum ne mai gaggawa, ya ture ni ya kafta fartanya da ƙarfi, ya watsa ƙasar gefe. Na zura sikana a ramin. Shiru.

Na shafa gefe da gefe, shiru. Na gwada ta a makullina, ta yi kuka lafiya lau. Na sake batir, duk ɗaya. Muka ci gaba da haƙa har rami ya kai gwiwa, ƙasa ta taru tuli guda a bayanmu, babu ko ƙyas. Ni dai a ƙofar tasha na koyi aikin, inda in ta yi kuka a aljihu to abin yana aljihun. Hankalina duk yana cikin ramin.

Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika kangon. Wani dattijo ya ce ai sananne ne, zinari in ya kwana biyu a ƙasa aljanu ne ke gadinsa, da sun ji fartanya sai su matsar da shi. Wata ta ce laifinmu ne da ba mu yi turare ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, aljanin da ya bar ƙusoshi ya ɗauke 'yan kunne, amarya zai yi?" Aka yi dariya, amma Kaka ba ta yi ba. Ta ce a bari haka, Allah bai nufa ba. Na koma gida da kunya, tuwo ma ban iya ci ba.

Da safe ina bakin aiki sai ga su, ɗan nata na jan buhu, ita kuma ta rungume wata yankakkiyar jarkar roba cike da ƙasa, tohon lalle a tsakiya. Dokar ƙofa ba ta san maƙwabci ba. Na shafa ta, na shafa ƙunshinta, na kai sandar jikin jarkar, sai kuka.

A Mubi ta wancan lokacin, kukan sikana a jikin jarka ba abin wasa ba ne. Mai rake ya saki baro, layi ya watse, direbobi suka kwanta a bayan motoci. Sojan da ke bayan buhunan yashi ya ɗaga bindiga yana ihu da Turanci ta ajiye. Ita kuwa ba ta jin Turanci, sai ƙara ƙanƙame jarkar take yi. Tsoro ya kama ni sosai, amma na ɗaga hannu na ce, "Oga, tsaya! Na san ta, kakata ce!"

Na matsa kusa na ce, "Kaka, ƙasar nan a ina kika ɗebo?"

Ta ce, "A wanda kuka tona mana. Shi ne mai laushi. Lallen 'yata ne, ba zan bar shi ba."

Nan take na gane. Na shimfiɗa buhu, na lallashe ta ta sakar mini jarkar, na zazzage ƙasar a hankali ina bi da sikana. Ta tsaya a kan wani curi kamar ƙwan zabo. Na murƙushe shi da yatsa, sai ga baƙar leda. Tun saran fartanya na farko abin ya fita daga ramin, muka yi ta tula masa ƙasa muna zagin aljanu.

Kaka ta kwance ledar, ta dubi 'yan kunnen, ta kira sunan 'yarta sau ɗaya a hankali. Ta ƙulle su a bakin zaninta. Sojan ya sauke bindiga ya juya baya. Ni ne na tsaya ina share ido, sai ta zungure ni ta ce, "Mayar mini da ƙasana, saiwan zai bushe." Na durƙusa a tsakiyar ƙofar tasha ina dasa lalle, fasinjoji na jira.

Daga baya mutane da yawa sun kira ni in nemo musu abin da suka binne, na samu wasu, na rasa wasu. Amma tun ranar na koyi cewa in sikana ta yi shiru, ba na ƙara zurfin rami sai na juya na duba ƙasar da na watsar. Na kuma daina cika wa tsoho baki a kan abin da shi kaɗai ya rage masa.