Saniyar Inna Larai a Goshin Mota

Gari bai gama wayewa ba na same shi tsugune a bakin wani garke a bayan Kademi, da guntun gawayi a hannu, da takardar buhun siminti a kan gwiwarsa. Ya yi sallar asuba a masallacin bakin hanya, ya tako da ƙafa ya zo nan. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Wata farar karsana yake kallo, ita ma tana kallonsa tana tuƙa.

"Direba, matsa gefe," in ji shi. "Ka tare mini tozo."

Sunansa Bubayero, amma a tashar Gaya Kawu muke ce masa. Mai zane ne da fenti: motoci, shaguna, allunan masu sana'a. Ni kuwa shekara goma sha shida ke nan ina tuƙa motar katako ta Hajiya Kubura, ina kwasar kayan mutanen Kademi da Balan zuwa kasuwa. Na ga masu zaƙin baki iri-iri a tasha, ban ga abin da suka gina ba. Kawu ba shi da yawan magana. Aikinsa na nan a bango, kowa ya je ya duba.

A wata ruga kusa da Gafasa aka haife shi. Mahaifiyarsa tana yi wa ƙwarya ado da wuƙa, a wurinta ya fara ganin yadda layi ke zama abu. Da yana kiwo, in shanu suna shan ruwa sai ya riƙa zana su a rairayi da sandarsa. Daga baya ciwo ya shiga garkensu, abin da ya rage aka sayar, ya shigo Gaya yana saurayi, ya kama shafa wa ƙofofi fenti. Har yau karatun boko bai dame shi ba. In aka ba shi rubutu, kwaikwayonsa yake yi harafi bayan harafi kamar yadda zai zana ƙafar akuya, kuma bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Ba shi kaɗai ne mai zane a garin ba. Akwai Usaini, wanda matasan direbobi suka fi so. Shi zaki yake yi, da mikiya, da jirgin sama cikin ja da ruwan ɗorawa, ka hango su tun daga nesa. A teburin mai shayi ana yawan gardama a kan su biyun. Masoyan Usaini su ce zanensa yana sa mota kwarjini. Masoyan Kawu su nuna allon mai shayin da ke bisa kanmu, inda ya zana butar shayin da lotsawarta ta gefe da hannunta da aka ɗaure da waya. Duk wanda ya kalla sai ya yi dariya, don butar ce dai, ga ta can a kan wuta. Abin da ya sa mutane ke son aikinsa ke nan. In sun duba, abinsu suke gani.

Doka ɗaya gare shi: ba ya zana abin da bai gani da idonsa ba. Wani direba ya taɓa cewa ya yi masa zaki.

"Kawo shi in duba," in ji Kawu.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce Hajiya Kubura ta sa ya yi wa motarmu ado. Bai tambaye ta abin da take so ba, ya tambaye ni su wa nake ɗauka. Na ce rabin kayana na matan Kademi ne, masu nono da masu gyaɗa, kuma jagorarsu wata dattijuwa ce, Inna Larai. Ya bi ni har can, ya yini a garkenta, ya dawo ya zana saniyarta a allon goshin mota, sama da gilashi. Daneye sunan saniyar, fara tas, mai babban tozo, ƙahonta na hagu ya karkato ƙasa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiran motar da sunan Hajiya. Mai Saniya ta zama. Daneye ta tsufa ta mutu, amma ta ci gaba da zuwa kasuwa duk mako a saman kaina.

Bara katakon motar ya ruɓe, aka kai ta aka sake mata jiki. Musbahu, ɗan Hajiya, wanda ya gama karatu a Kano ya dawo, shi ya tsaya a kan aikin. Yaron kirki ne, yana son ya nuna wa mahaifiyarsa ya iya. Ya ce zamanin buroshi ya wuce, yanzu inji ke buga hoto. Ya san ana kiran motar Mai Saniya, don haka ya nemo hoton saniya a wayarsa, aka buga a leda mai sheƙi, aka manna a goshi.

Da na ga abin sai da na zagaya motar sau biyu. Saniya ce baƙa da fari, dabbare-dabbare, gadon bayanta a shafe kamar benci, ƙaho ɗan mitsitsi, hantsa kamar tulu. Ba tozo ko kaɗan.

"Musbahu, ina tozon?"

"Baba Kamalu, irin ta Turai ce. Ta fi ba da madara."

"To Allah ya sa ta ba mu."

Ranar kasuwa na isa Kademi na tsaya a gindin tsamiyar da na saba, na danna oda. Matan suna zaune da ƙorensu da buhunansu, ba wadda ta motsa. Inna Larai ta taso da sandarta, ta tsaya gaban mota, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"Kamalu, wannan wace dabba ce?"

"Saniya ce, Inna."

"Wa ya danne ta?"

Matan suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ina Daneye?"

Na ce an sake katako ne. Ta ce ita ma ta sake mota. Ta juya ta koma ta zauna. Wata ƙaramar mota ta zo ta kwashe su a gabana, a cushe, ƙwarya a kan cinya. Labari ya riga ni zuwa Balan. A can ma aka ce ba a shiga motar da ta kori saniyar Inna Larai. Kasuwa uku a jere ina dawowa da mota tana ƙara kamar gwangwani.

Hajiya ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, ita ba mai faɗa ba ce. Ta ce ba za ta iya riƙe motar da ke shan mai tana dawowa wayam ba. In kasuwa mai zuwa ta zo haka, za ta sayar. Saura kwana biyar. Ni na san mutum mai shekaruna ba ya samun wata motar da sauƙi. Musbahu na tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Shi da kansa ya ce mu je wurin Kawu.

Muka same shi a rumfarsa yana wanke buroshi da kananzir. Ya fito ya dubi ledar, ya karkata kai hagu, ya karkata dama.

"An buga da kyau," in ji shi. "Ko ina aka samo ta, tana cin abinci."

"Kawu, ka yi haƙuri," in ji Musbahu. "Ka mayar mana da ta da."

"Ta mutu ai. Ni kuma ba na zana abin da ban gani ba."

"Amma ka gan ta!"

"Shekara goma sha huɗu. Kai ka tuna fuskarka ta lokacin?" Ya goge hannu a tsumma. "Ta bar baya?"

Na ce akwai jikanyarta a garken Inna.

Abin da ya kai shi Kademi da asubar nan ke nan. Kwana biyu yana zuwa. Daga karsanar ya ɗauki tsayin wuya da zaman tozo da yadda leɓen wuyan ke lilo. Ƙahon da ya karkata kuwa yana cikin ƙwaƙwalwarsa, wannan bai manta ba. A rana ta uku Musbahu ya ɓare ledarsa da hannunsa, Kawu ya hau kan durom biyu da aka ɗora wa katako, ya fara. Farin da ya haɗa ba fari ba ne zalla, ya ɗiga masa ɗan ruwan ƙasa, ya ce ba saniyar da ke kwana a garke ta tashi kamar alli. 'Yan tasha suka taru suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Usaini ma ya zo, ya tsaya ya harɗe hannu.

"Kawu, ka bari in sa mata fukafuki, ta fi sauri."

"In ka ga mai fukafuki ka kira ni."

Ana jibi kasuwa ya gama komai, sai ido. Wurin idon ya bar shi fari fat. Haka yake aiki: ido na mai dabba ne, sai a gabansa ake sawa. Washegari na tuƙa motar ba kaya har gindin tsamiya, Kawu na gefena rungume da gwangwanayensa. Aka kira Inna Larai. Ta zo a hankali, mata na biye da ita.

"Buba, har yanzu kana ɓata wa mutane bango?"

"Ina yi, Inna. Ke ma har yanzu kina hana mutane cin abinci?"

Ta dubi allon. Ta dubi tozon, ta dubi ƙahon, ta gyaɗa kai, wanda a wurinta yabo ne. Kawu ya hau saman mota, ya sa idon da ɗan siririn buroshi, ya ja da baya.

"A'a," in ji ta. "Wannan kallon mutunci ne. Daneye ba ta taɓa ganin kowa da gashi ba. Ko ni da nake ba ta dusa, kallon raini take yi mini."

Kawu kuwa murmushi ya yi, ya tsoma buroshi, ya sauko da fatar idon kaɗan, layi ɗaya tak. Ban san yadda aka yi ba, amma nan take saniyar ta koma tana kallonmu kamar mun zo roƙo.

Inna Larai ta rufe baki da gefen mayafi. Sannan ta ce a hankali, "Ja'ira. Kin dawo." Ta juya wajen matan. "Gobe kowa ta fito da wuri. Kamalu ba ya jira."

Washegari sai da na bar buhu shida a ƙasa, na dawo na ɗauke su a sawu na biyu. Hajiya ba ta sake maganar sayarwa ba. Musbahu ya ɗauki hoton allon ya sa a fuskar wayarsa, yana nuna wa abokansa yana yi musu bayanin tozo kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Kawu yanzu ya rage hawa sama, gwiwa ta fara ba shi wahala. Ya fi zama a rumfa yana yin ƙananan alluna. Amma da damina ta kusa ƙarewa, karsanar nan ta haihu, Inna Larai ta aiko a gaya masa. Ya bi ni Kademi ya ga ɗan maraƙin, muka dawo. Makon jiya ina cin tuwo a tasha, na ɗaga kai na gan shi a kan durom, Usaini ya riƙe masa gwangwani. Yana zana ɗan maraƙi a gefen ƙafar Daneye, ƙafafu tale-tale, kunne ɗaya a tsaye. Ya gama, ya bar wurin idon fari, ya sauko a hankali, ya goge buroshinsa a tsumma.